Garantin Zinariya

Magidancin da ya kai 'ya'ya huɗu a Amurka, doguwar motar iyali ce makomarsa: kujera bakwai, da ƙofa mai zamewa da kanta. Tawa ta hannu ce, na saye ta a Girinsboro, garin da 'yan Nijar suka yi yawa a Karolina ta Arewa. Garantin kamfani, wanda galibi shekara 3 ne ko mil 36,000, ya ƙare tun tana hannun mai ita na farko.

Ana gama ciniki aka shigar da ni wani ɗan ofis, wajen wani mutum mai yawan fara'a. Ya ce akwai ƙarin garanti, na azurfa da na zinariya, kuma na zinariya daga fitilar gaba har ta baya ba ruwana da kuɗin gyara. Wane ne zai zaɓi azurfa a gaban matarsa? Aka ɗora dala 2,800 a kan bashin motar.

Ƙofa ce ta fara. Ranar Juma'a a harabar masallaci ta ƙi rufuwa, tana ta ƙara, jama'a na wucewa suna yi mini sannu. Na buga wa kamfanin garanti waya cike da gadara. Wata mai taushin murya ta ce ƙaramin injin ƙofar yana cikin garanti, amma igiyar ƙarfen da ke jan ta ba ta ciki. Igiyar ce kuwa ta tsinke.

Babbar matsalar ta same mu a kan hanyar I-85, za mu suna Atlanta, da kulolin waina, da surukata da ta zo ganin jikoki. Muna wuce Shalot injin ya hau gurnani, mota ta ƙi gaba. Hajiya ta leƙa ta ga jan mai yana tsiyaya a kwalta, ta ce, "Ɗan nan, a Maraɗi da tuni wani yaro ya ɗaure wannan da roba mun wuce." Janwe ya zo, ya ce mutum biyu kawai yake ɗauka. Mu bakwai ne.

A gareji aka ce giya ce ta ƙone, dala 5,200. Na yi murmushin masu zinariya. Kamfanin garanti ya ce kada a taɓa komai sai mai bincikensu ya zo. Da ya zo, ya ce sai an kwance giyar ya gani da idonsa, kuma idan suka ƙi biya, kuɗin kwancewar nawa ne. Sannan ya nemi rasit na duk juyen man da aka taɓa yi. To, mai yi mini juye abokina ne ɗan Damagaram, a bayan gidansu, ladansa shayi da godiya. Shayi ba ya zuwa da rasit.

Hukunci ya fito. Giya tana cikin garanti, babu shakka. Sai dai wani ɗan tiyo ne ya fashe man ya zube, tiyo kuwa ba ya ciki, kuma duk ɓarnar da abin da ba ya ciki ya jawo wa abin da yake ciki, ita ma ba ta ciki. Na ce wa mai binciken ya maimaita. Ya maimaita cikin ladabi, har da lambar shafi.

Kada in zalunce su, sun biya wani abu. An samu wata 'yar na'ura ta dala 140 da ta mutu don kanta, ba da laifin kowa ba. Suka cire dala 100, kason da mai mota ke biya a kowane gyara, suka biya 40. Uwargida ta ce, "Baban Hafsat, ka gode musu, ai ya isa kuɗin kaza."

Har yau ina biyan garantin wata-wata, da kuɗin ruwansa. Wanda ke neman motar iyali ya same ni bayan sallar Juma'a. Zinariyarta ba ta ƙare ba, ana kuma mayar da ita sunan mai saye a kan dala 50.