Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hatimin Ofishin Makarantar 'Yan Mata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki, ina fata tawada ta wadace ka, hunturun bana kuma bai busar maka da shimfiɗa ba. Daga Abaji nake rubuto maka, a madadin iyayen da suka taɓa tsayawa a bakin tagar ofis da takarda a hannu suna jiran ka fito daga durowa. Ba su aiko ni ba, amma na san ba za su musa ba. Ba sai na faɗi a wace makaranta kake kwana ba, domin kai da 'yan'uwanka halinku ɗaya, daga na Sakkwato har na Fatakwal.

Bari in fara da mubaya'a. A garin nan muna da Ona, wanda shi ke shugabantar majalisar sarakunan Birnin Tarayya baki ɗaya, muna da ciyaman, muna da baturen 'yan sanda. Duk wanda ka kai wa kuka a cikinsu, ko bai share maka hawaye ba, zai ce maka sannu. Kai kuwa ba ka taɓa ce wa kowa sannu ba, kuma ban taɓa jin an ɗaukaka ƙara a kan hukuncinka ba. Shugabar makaranta ta sa hannu, mataimakiyarta ta sa, amma muddin ba ka sauka a kan takardar izinin fita ba, maigadi zai juya ta ciki da bai ya miƙo wa mutum abarsa: "Alhaji, ba sitam."

Da gwamnati ta tilasta asusun bai ɗaya a 2015, aka koma biyan kuɗin makarantun tarayya ta Remita, mun ɗauka kwananka ya ƙare. Ashe ƙarin girma ka samu. Uba zai je shagon intanet a ciro masa lamba, ya bi layin banki ya biya, kwamfuta ta amsa, waya ta yi ƙara. Sannan ya naɗe rasit a aljihu, ya hau mota tun daga Lakwaja ko Suleja, ya kawo maka don ka tabbatar da abin da kwamfuta ta riga ta tabbatar. Yarinya ta gama makaranta, ta ci jarrabawar WAEC da NECO, sai ta zagaya ɗakin karatu, ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin kwana da ofishin ma'aji tana tara sa hannu, duk don a ƙarshe ka yarda cewa lallai ta taɓa zama a wurin.

Na ga yadda ake fito da kai, kuma abin kallo ne. Akawu zai laluba aljihun hagu, ya laluba na dama, ya tuna mabuɗin yana wurin masinja, masinja kuma ya tafi sayo wa wani rake. In an buɗe durowar, sai a ɗauko ka cikin tsohon ambulan. Akawu ya danna ka a kan shimfiɗar tawada, ya duba fuskarka, ya ga ba ka sha ba, ya kawo ka kusa da baki ya hura maka numfashi sau biyu. Ya gwada ka a bayan wata takarda. Ya murza 'yar ƙafar kwanan wata da farce, domin kai a naka lissafin har yanzu muna bara. Sannan ya miƙe tsaye, ya sauke maka nauyin kafaɗarsa duka. Abin da ya fito rabin da'ira ne da wasu haruffa da ba mai iya karantawa. Uba ya karɓa hannu biyu yana godiya.

To, ga ƙorafina, ranka ya daɗe. Duk wannan girma da kake sha, na wasu ne ka cinye.

Ka san dalilin kafa makarantun haɗin kai. An buɗe uku a 1966, a Sakkwato, Warri da Okposi, bayan yaƙin basasa kuma gwamnatin Gowon ta yawaita su, don 'ya'yan ƙasa su tashi tare su san juna. Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke nan Abaji tana cikin wannan dangi, ita da takwarorinta na Bwari, Bida, Bakori da Kazaure. A takarda, haɗin kai manufa ce mai shafuka. A ɗakin kwana kuwa, yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya da ba ta taɓa kwana nesa da uwarta ba, an ajiye ta a gadon sama, a ƙarƙashinta wata da ba ta jin yarenta. Ƙarfe ɗayan dare ta fara kuka ƙasa-ƙasa don kada manya su yi mata dariya. Kai kana durowa kana barci. Matiron ce za ta taso da tocila, ta zauna a bakin gado, ta haɗa guntun Turanci da guntuwar Hausa da "sorry, my daughter" har yarinyar ta yi shiru. Ita ce ke kwance wayarta daga bakin zane ta ce "kira mamanki, minti biyu," minti biyun kuma ya zama goma da kuɗin katinta. Ranar da yarinya ta fara ganin al'ada ta firgita, ba ofis take zuwa ba. Ban taɓa ganin sawunka a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba, shi ya sa a idon hukuma ba a yi su ba.

Masu kicin ma haka. Kafin ladan ya yi kiran farko suna bakin murhu, in damina ce suna fama da jiƙaƙƙen itace, ido na hawaye, don koko ya isa ɗaruruwan kofuna kafin ƙararrawa. In wake ya yi ƙwari, su ake zagi, alhali ba su suka ba da kwangilar sayo shi ba. Takardar kwangilar, in ba ka manta ba, kai ka sauka a kanta, kuma ranar tawadarka ta fito raɗau. Nas kuwa tana da farasitamol, tana da maganin zazzaɓi in an yi sa'a, tana da addu'a. A zafin Abaji na watan Maris, da waɗannan ukun take riƙe makaranta guda.

Kada ka ce ba ruwanka da albashinsu. Tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka fitar da ayyuka irin su shara, gadi, tuƙi da girki daga jerin ma'aikatan dindindin na tarayya, aka ce a nemo masu yi daga waje. Shi ya sa a makarantu da dama za ka tarar da mai aiki shekara da shekaru wanda ƙungiyar iyaye da malamai ko ɗan kwangila ke biya, ba fayil, ba mataki, ba fansho. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024. Je ka tambayi mai wanke bayan gida ko labarin ya iso gare ta. Mutumin da ba shi da fayil, ranka ya daɗe, ba inda za ka sauka a kansa, wanda ba ka sauka a kansa ba kuwa ko bashi ba ya iya bin hukuma.

Nan zan ɗan ajiye raha. Tun daga sace 'yan makaranta a Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Jangebe a 2021, uban da ke da 'ya a makarantar kwana ba ya kashe waya da dare. A Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga da Papiri, gwamnatin tarayya ta rufe makarantun haɗin kai fiye da 40, iyaye suka cika hanya suna kwasar 'ya'yansu. Mutumin da ake tsammanin ya tsaya tsakanin 'ya'yanmu da irin wannan masifa shi ne wancan dattijon na bakin ƙofa, mai sanda da tocila da rediyo. Ana kulle ka da mabuɗi cikin durowa, cikin ofis mai ƙarfe a taga. Shi ɗakinsa ko ƙyaure mai kirki ba lallai ya samu ba.

Saboda haka ga buƙatuna, kuma ba su da yawa. Ranar rabon kyaututtuka, in an gama jawabin babban baƙo da na wakilin babban baƙo, a kira matiron da shugabar kicin su hau dandamali, a ba su kujera mai hannu, ba ta roba ba. Ka nemo takardun masu aikin wucin gadi ka sauka a kansu da irin ƙarfin da kake sauka a kan na 'yan kwangila. Akawun da ke hura maka numfashi kuma a saya masa tawada, don mutumin kirki ne, kuma shi iyaye ke harara in ka ƙi kamawa. In da hali, a yi wa mabuɗin durowarka na biyu. Akwai mai yanka mabuɗi a kasuwa, ni zan biya.

Na kai kwafin wannan wasiƙa ofis da kaina don a shigar da ita a littafi. Masinja ya karɓa da ladabi, ya ce mai riƙe da littafin ya tafi Gwagwalada taron bita, in dawo ranar Talata.

Naka mai biyayya,
Wani uban 'yan mata,
Abaji.