Masu Hannun Jari Kala-Kala

Idan masana suka ce kasuwar hannun jari ta tsorata ko ta saki jiki, ba ginin NGX na Legas suke nufi ba. Mutane ne, kuma duk mun san su.

Akwai Alhaji Mai Tabo. Lokacin da Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokacin, ya ce dole kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, Alhaji ya sayar da fili ya zuba a Oceanic da Intercontinental. A Maris 2008 ma'aunin kasuwa ya haura 66,000, shekara na zagayowa ya rikito wajen 20,000. Bankunan biyu an haɗiye su tuntuni, amma takardun shaidarsa suna nan a ƙasan adaka, cikin leda. Ka ce masa kasuwa ta farfaɗo, sai ya dube ka da tausayi: "Yaro, haka ta yi mana wancan karon ma."

Ɗan Manhaja kuwa wayarsa ba ta hutawa. Ya ga kore, ya saya wa abokai tsire. Ya ga ja, ko sallama ba ya amsawa. Ya rantse shi mai dogon zango ne, wato zuwa Juma'a. Kuɗin datar da yake ƙonawa wajen leƙe ya fi ribar.

Malam An-Ce yana da suruki wanda abokinsa ke tuƙa wani babba a kamfanin siminti. Kafin sirrin ya iso kunnensa farashi ya ninka, sai ya saya. Ranar da ya gaji ya sayar, washegari abin ya tashi.

Mai neman fatawa ina ganin girmansa: ba ya taɓa kamfanin giya, ba ya kusantar bankin ruwa, bankin Jaiz da sukuk ya sani. Sai dai a Disambar 2021, da MTN ya fitar da hannun jari a kan naira 169, yana tsakanin malami na biyu da na uku aka rufe sayarwa.

Gwanin teburin mai shayi bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Da ma'auni ya tsallake 100,000 a Janairun 2024 ya ce ai ya faɗa. Da ya faɗi ma, da ya faɗa. Kada dai a ambaci shirin damfara na MMM a gabansa, domin tun 2016 yake jiran a biya shi.