Akwatin Zuwa Amurka

Yayana da ke Amurka ya cike mini fom ɗin I-130 na nema wa ɗan'uwa biza tun ina da suma. Ya ce, "Kai, fara haɗa kaya." Na haɗa. Akwatin nan ɓera ya haihu a ciki, har jikokinsa sun yi aure.

Ashe biza 65,000 kacal ake ware wa 'yan'uwan ɗan ƙasa duk shekara, duniya kakaf. Mutanen Meziko da Filifin kan haura shekara 20 a layi, wai mu namu da sauƙi.

Ɗana da aka sa a takardar yana goye, shi ke karanta mini jadawalin biza duk wata, don idona ya gaji. Ya fara zancen aure, na ce ya dakata: yana yi, sunansa ya fita.