Zuwa ga Bawana Bazazzage, Sarkin Riƙon Tsohon Daftari

Bawana, labari ya iso Kano cewa manhajarka ta kwana biyu ba ta ƙi bayanin kowa ba, kana ta yawo a Sabon Garin Zariya kana cewa aikinka ya fi na kowa tsafta. Zauna ubangidanka ya warware maka.

Ƙa'idar JSON Schema, wadda ake auna bayanai da ita, daftari-daftari take. Akwai na 3, na 4 na 2013, na 6, na 7, sai 2019-09 da 2020-12. Kowanne da jerin sigogin da ya sani. Abin da na 3 ke kira "ip-address", na 4 ya mai da shi "ipv4". Shi kuwa "uuid" sai a 2019-09 ya shigo. Kai fa? Ka rubuta 2020-12 ɓaro-ɓaro a layin "$schema", sannan ka ɗauko mai duba siga na daftari na 4 ka liƙa masa da hannu, don shi ka haddace tun kana ɗalibi a Samaru.

To, ga inda gizo ke saƙa. Laburaren jsonschema na Python ba ya ƙorafi idan ya gamu da sigar da bai sani ba. Wucewa yake yi abinsa. Wani ya rubuta "tuwon dawa" a gurbin da ka nemi uuid, manhaja ta ce lafiya lau. Ka ajiye mai gadi a ƙofa, ka ba shi takardar sunaye ta bara waccan, duk wanda bai gane ba sai ya ce masa bismillah, shigo. Wannan kake kira tsafta?

Ga shi kuwa an daɗe da hutar da ku. Ka miƙa wa validator_for tsarinka, ya karanta "$schema", ya zaɓo maka ajin da ya dace da daftarin. Kowane aji yana tafe da nasa FORMAT_CHECKER, ka ɗauka daga jikinsa. Gobe in ka sauya daftari, mai duba sigar ya sauya tare da shi, ba sai ka bi fayil-fayil kana gyara ba. Tsofaffin sunaye irin draft4_format_checker da kake maƙale da su, masu laburaren da kansu sun ce a daina.

Kuma kada ka ce ban faɗa maka ba: duba siga ba ya kunna kansa. Sai ka saka shi a format_checker da gangan, in ba haka ba ko adireshin imel marar alamar @ zai wuce salin alin.

Na san abin da za ka ce, wai Zazzau ce gidan ilimi, mu Kanawa sai kasuwa. Ban musa ba. Amma ɗan Kwari ba ya karɓar kaya bai duba ba. Ka gyara layukan nan biyu kafin Juma'a, ka aiko min da buhun masara ladan karatu. In ka ƙi, mako mai zuwa zan buga sauran lambobinka a wannan shafi, mutanen Samaru su ga abin da suka yaye.