Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Ire-iren Masu Jiran Sakamakon Likitanci

Karatun likita a Najeriya shekara 6 ne a takarda. Wanda yajin aikin ASUU na 2020 ya ritsa da shi, na 2022 kuma ya ƙara zaunar da shi wata 8 a gida, shi ya san nawa ya ƙirga. Ƙarshen tafiyar ita ce jarrabawar MBBS ta aji shida: ga ta rubutu, ga ta baka a gaban farfesoshin da aka gayyato daga wasu jami'o'i, ga kuma uwa-uba ta gaban gado, inda ake haɗa ɗalibi da majiyyaci na gaske, ya yi masa tambayoyi, ya duba shi, sannan ya tsaya ya kare abin da ya gano. Makin tsira 50 ne, kuma wanda ya faɗi a gaban gado, ko ya haddace littafin tiyata daga bango zuwa bango, sai ya sake zama.

Ranar da aka fito daga ta ƙarshe, shawarar kowa ɗaya ce: "Je ka huta." Ita ce shawarar da su ɗaliban za su ƙare rayuwarsu suna ba marasa lafiya. To amma wanzami ba ya son jarfa. Daga Shika zuwa Kano, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, ga yadda suke shan nasu maganin.

Na farko shi ne mai biyan bashi. Ya daɗe yana cin bashin barci da kofi da goro, yanzu mai bashi ya zo. A tashe shi salla, ya yi, ya koma. A kai masa abinci, a dawo a tarar da shi da cokali a hannu yana minshari. Kwana na biyu mahaifiyarsa ta fara kai yatsa ƙarƙashin hancinsa don ta tabbatar da numfashi. Can tsakar dare sai ya tashi firgigit yana laluben farar riga, wai ya makara zagayen majiyyata.

Na biyu mai feɗe gawa. Su kansu ɗaliban sunan binciken gawa suka raɗa wa wannan ɗabi'a, domin an gama jarrabawa, an binne ta, shi kuwa sai ya tono ta. Zai tare ka a teburin mai shayi ya ce, "Wai kai ka ji saifar dattijon nan na gado na huɗu?" Ka kuskura ka ce ai kai hanta ka ji ta kumbura, shayin ya fita ransa ke nan. Ya yago kwalin sukari ya hau lissafi: ya ba kansa 48, ya ƙara 3 saboda farfesa ya gyaɗa kai, ya cire 2 saboda farfesan ya zare tabarau ya goge, ya ƙara rabi saboda an ce masa "mun gode". Kowane tari na mai jarrabawa yana da tafsiri a wurinsa. Duk ta inda ya ɓullo, 49 da rabi yake samu. Ihu bayan hari dai, amma shi kullum da sabon kwali.

Sai mai kukan ƙarya. "Wallahi ni kam na faɗi, ba abin da na rubuta," in ji wadda kowa ya gani da idonsa ta karɓi ƙarin takarda sau biyu. Tun aji biyu, zamanin ƙirga ƙasusuwa da jijiyoyi, haka take faɗuwa da baki tana tashi da maki. Abin haushin shi ne waɗanda ƙafarsu ɗaya ke cikin rami su ne ke zaman rarrashinta. Ranar rantsuwa kuma za ka gan ta tana hawa da sauka, hannu ya kasa ɗaukar kyaututtuka.

Akwai ustazun wucin-gadi. Da sai a sahun ƙarshe ake ganinsa yana cikon raka'a, yanzu shi ke jiran ladan ya zo ya buɗe masallaci. Azumin Litinin da Alhamis ba fashi, almajiran unguwa sun san ƙofar gidansu da sadakar ƙosai, ya bugo wa kakarsa a ƙauye a sa shi a addu'a, har wanda ya ara masa littafi a aji uku bai mayar ba ya nema ya roƙi gafara. Addu'a takobin mumini ce, ba mai ja. Liman dai ya zuba ido ya ga ko sahun farko zai ƙara ganinsa bayan an liƙa sunaye.

Mafi haɗari shi ne mai majiya. Ya san masinja, ya san mai gadi, ya san mai shara. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare zai jefo saƙo a dandalin aji na WhatsApp: "Daga majiya mai tushe, mutum tara sun sha ƙasa a tiyata, uku mata." Shi ya kashe waya ya kwanta, ya bar aji guda ido biyu, kowa na ƙirga kansa cikin taran. Sakamako ya zama masa jinjirin wata: sau uku yana gani, Sarkin Musulmi bai sanar ba.

Sai Dakta kafin rantsuwa, kuma shi iri biyu ne. Na farkon da abin sauraren ƙirji a wuya yake zuwa har ɗaurin aure, ya auna jinin duk wanda ya gaishe shi, alhali sai an rantsar da shi, hukumar MDCN ta yi masa rajistar wucin-gadi, sannan doka ta san da zamansa. Na biyun kuwa dole aka yi masa. Tun yana aji ɗaya ake kiran mahaifiyarsa Maman Dakta, yau ya dawo gida, zaure ya koma asibiti.

"Ɗan nan, zo taɓa mini gwiwar nan, sanyi ne ko?"

"Gwaggo, ai sakamako bai fito ba tukuna."

"Sakamakon me? Ni da ko jinina ba ka ɗiba ba?"

Kada a manta da mai ciwon littafi. Bayan watanni na rashin barci da cin Indomie a tsaye, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ciwon kan da kowa zai ce rana ce, a wurinsa ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Yana kwance yana ƙirga bugun jijiyarsa, ya gano wa kansa cutar da sau ɗaya ya taɓa ganinta, ita ma a hoto. A yi gwaji a ga maleriya ce, har ya ɗan ji haushi.

Na ƙarshe bai ma rufe littafi ba. In ka tambaye shi sai ya ce shirin sake zama yake, ko ta kwana. In ka matsa, sai ka ga tambayoyin PLAB ne na masu neman aiki a Ingila.

Duk cikinsu, mai biyan bashi ne ya fi kusa da gaskiya. Alƙalami ya riga ya bushe, lissafin kwalin sukari ba ya ƙara rabin maki. Abin da ke gaba kuwa shekara guda ce ta horon asibiti, a zagaya tiyata da cututtukan manya da na yara da ɓangaren haihuwa, ana kwanan aiki ana wayewa a tsaye, daga nan a wuce bautar ƙasa. Barcin da ba a yi yanzu ba, sai an daɗe ana nemansa.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa, ku rage tambayar "Ya fito?" kowace safiya. In ya fito, ba sai an faɗa muku ba, daga sallamarsa za ku gane. Ku ba yaron nan tuwo da miya mai kyau, ku karɓe wayarsa, ku ja masa ƙofa. Gwiwar Gwaggo ta shekara goma tana ciwo, za ta iya jiran rantsuwa.