Karkataccen Hoto da Taron Masana a Ƙasar Karaye da Rogo

Karkacewar hoto, wato hoton talabijin ya bar tsakiyar gilashi ya zame gefe guda har wani sashe nasa ya ɓuya, cuta ce da ta shigo ƙasar nan tare da akwatin kansa, tun da aka buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962, daga bisani gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa wa Kano tashar CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. Abin da ya sa ta cancanci nazari a ƙananan hukumomin Karaye da Rogo shi ne, da wuya a sami wata cuta da ta tara likitoci masu yawa kamarta, kowannensu yana da tabbacin maganinta, amma har yau marar lafiyar tana kwance a gefe guda.

Asibitin da aka fi duba wannan cuta shi ne gidan kallo, wato rumfar kwano ko zagayen langalanga mai bencuna da janareta, inda ake biyan kuɗin shiga don ganin wasan ƙwallon Turai. A nan ne masuncin da ya yini a kan ruwan madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, yake zama kafaɗa da kafaɗa da manomin rani da ɗan acaɓa da malamin firamare. Da yake masu nuna gasar Firimiya ta Ingila a kusurwar sama ta hagu suke rubuta sakamakon wasa da mintin da ake ciki, idan hoto ya zame hagu sai ya tafi da sunan ƙungiya ɗaya da cinta, ya bar jama'a da rabin labari, kowane mai goyon baya kuwa ya cike sauran rabin da abin da ransa yake so.

A ilmance, musabbabin ba ɓoyayye ba ne. Tsohuwar talabijin mai tudun baya tana zana hotonta ne da wani siririn zirin lantarki da ake harbawa daga wuyan kwalbarta, maganaɗisu yana jan sa daga hagu zuwa dama a kan layuka 625, bisa tsarin PAL da Nijeriya ta ɗauka, saboda haka idan kayan cikinta suka tsufa, ko ƙarfin wuta ya ragu, sai hoton ya zame ko ya tsuke. Ta zamani kuwa, wadda jama'a suke kira filasma ko da ba filasma ba ce, ɗigoginta kafaffu ne ba sa motsi, karkacewarta kuma yawanci saɓani ne tsakaninta da dikoda, wato ɗan akwatin da ke karɓo tashoshi: ita tana jiran hoto mai faɗin 16 da tsawon 9, shi yana aiko mata da mai faɗin 4 da tsawon 3, ko kuwa wani ya danna maɓallin kumbura hoto ya manta. Gyaran wannan bai wuce shiga jerin saiti da rimot ba, aikin da ba ya kai tsawon shan kofin shayi.

Sai dai masanan yankin sun rarrabu a kan wannan batu, kuma rukuni mafi daɗewa a cikinsu shi ne na masu mari, waɗanda suka tafi a kan cewa duk na'urar da ta ƙi jin magana ba ta ji tafin hannu ba ne. Adalci ya wajabta a ce wannan ra'ayi yana da tushe, domin a tsohon akwati mari yakan haɗa dalmar da ta tsage, hoto ya dawo na ɗan lokaci, mai marin ya koma bencinsa da tafiyar wanda ya gama digiri. Matsalar ita ce magadansa sun ɗauko wannan ilimi sun ɗora wa filasma, wadda kaurinta bai kai na allon makarantar allo ba, har garin neman gira aka rasa ido, karkataccen hoto ya koma baƙin gilashi mai zanen gizo-gizo.

Masu eriya su kuma sun yi imani cewa duk abin da ya sami hoto daga sama ya same shi, don haka sai a tura yaro kan kwano ya riƙa juya gora ko farantin dish, na ƙasa suna yi masa kirari da «Ƙara kaɗan! Dawo! Tsaya haka!», alhali eriya tana da hannu ne a tsabtar hoto, ba ta da ta cewa a kan mazauninsa. Bayan rabin awa akan sauko da yaron an rasa tashar baki ɗaya, a kuma ɗora masa laifin. Daga nan ne masu zargi suke karɓar magana, su rarraba laifin tsakanin masu ba da wuta, da janareta, da hazon hunturu, da Turawan da suka ƙera akwatin, da magoya bayan ɗaya ƙungiyar, kuma a duk wannan rabo ba a taɓa jin an ware wa mai riƙe da rimot ko ɗan kaso ba.

A irin wannan zama kusan kullum akan sami ɗan sakandare a bencin baya da zai ce, «Baba, a ba ni rimot ɗin in gwada, saiti ne kawai», amsar da yake samu kuwa sananniya ce: «Kai yaro, muna kallon talabijin tun ba a haifi ubanka ba.» Takardar bayanin da ta zo a cikin kwali ma ba ta fi shi daraja ba, domin tun ranar farko aka naɗe ƙosai da ita. Idan abu ya faskara sai a kira mai gyara, wanda ake wa laƙabi da Injiniya, ya zo ya kwance ƙusoshin baya, ya hura ƙura, ya girgiza kai, sannan ya ce, «Alhaji, sai dai a kai ta Kano», hukuncin da kowa yake karɓa da girmamawa, domin cutar da aka ce sai Kano ta fi wadda yaro zai warkar a tsaye mutunci.

Rukunin da ya fi kowanne yawan mabiya shi ne na masu haƙuri, waɗanda suka gano cewa tunda hoto ya ƙi dawowa tsakiya, jama'a ce ya kamata ta bi shi, sai a gyara zaman bencuna, a karkatar da wuya, a riƙa tambayar mai waya sakamakon wasan da ake kallo. Tsakanin 2019 da 2024 an kafa masarautar Karaye, an rushe ta, an sake kafa ta a kan Karaye da Rogo, amma hoton da ya karkace kafin duk wannan yana iya zama inda yake, domin ba majalisar da ta zauna a kansa. Ranar da wani baƙo ya gyara shi kuwa, tsofaffin 'yan kallo ne za su fara ƙorafi cewa yau hoton ya karkace, domin wuyansu ya riga ya ƙage a kan tsohon saiti.

Wannan ɗabi'a ta wuce gidan kallo, domin ita ce take barin famfon unguwa yana zuba shekara guda, da ƙofar aji a kan ƙusa ɗaya, masana suna kewaye da su suna sharhi. Matambayi dai ba ya ɓata, kuma rimot bai san shekarun mai riƙe da shi ba. Ya kamata dattawan benci su miƙa wa yaron nan rimot, kafin a wayi gari mai ɗori ya fi mai gyaran talabijin ciniki a Karaye da Rogo.