Jarumi da Tire

In ka je dinar biki a Kano, ka lura da saurayin da ke raba shinkafa. Jarumin fim ne. Daraktoci ne dai ba su samu labari ba tukuna.

Da rana yana Zoo Road, yana gaida duk wanda ya fito da kyamara. Da dare sai farar riga da baƙin wando, ga tire a hannu. Ka ce masa, "Samari, a ƙaro nama." Zai dube ka da idon marayan da kishiyar uwa ta kora. Kada ka damu, atisaye yake yi. Naman kuwa ba zai zo ba.

Abokin aikinsa mawaƙi ne, waƙoƙinsa duk suna cikin waya. Shi ke kai lemo teburin manya, yana rera amshi ƙasa-ƙasa, ko Allah zai sa akwai furodusa a zaune.

Mai ɗaukar bidiyo ne ke shan wahala. Duk inda ya juya don ya kamo amarya, sai ga jarumi yana murmushi. Da dangin ango suka kalli bidiyon, sai da suka tambaya ko yayan amarya ne.